Mai Gadin Duwatsu

Ni ne Mantau, mai gadin ɗakin kwano
a Tudun Kwalli, yamma da Safana.
Ba hatsi a ciki, ba ko sisi,
sai akwati ɗari biyu da sha ɗaya
cike da dutsen da aka zaro daga cikin ƙasa,
gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace da lambarta.

Kakana Nomau rijiya ya tafi haƙa.
Gaba bakwai, ruwa ya ƙi.
Sai wata farar jijiya ta gitta masa
cikin baƙin dutse mai ɓarewa kamar albasa.
Ya fasa ta, ga ƙyalli, ga nauyi.
Mata suka niƙa suka ɗura a tandu.
Shekara talatin ana zizara azurfa a ido
a garin da ba mai zoben azurfa.

Zamanin babana Bature ya zo,
aka sa masa Kan-Tulu.
Rami shida ya sa aka tona,
ya tsuguna a rafi yana rairayar yashi a tasa
har ya ga ƙwaya uku, ba su kai gero ba.
Ya rubuta a littafi. Zazzaɓi ya rubuta nasa.
Ramukansa na nan, akuyarmu ta taɓa faɗawa ɗaya.

Na gwamnati sun zo ina saurayi.
Sun kwana biyu, sun ci zabi,
sun kafa turaku, sun shafa jan fenti.
Gara ta karɓi rahoton.

Sannan injin ya iso, da Injiniya Barira,
'yar Dutsin-ma, guduma a ƙugu, gilashi a wuya.
Ita ba ta duban dutse a bushe,
sai ta yayyafa masa ruwa, kamar mai tashin wanda ya suma.
Ta ce: Baba, nan da kake tsaye taɓo ne a da,
aka danne shi, aka gasa, aka ninke kamar zane a adaka.
Da ya tsage, ruwan zafi ya hauro ta tsagar,
ya huce, ya bar abin da ya ɗauko.
Na ce: Yaushe?
Ta ce: Ƙirga miliyan, ka sake, har ɗari-ɗari.
Na ce: To ashe ba mu muka makara ba.

Wata goma injin na kuka, kaji sun daina ƙwai.
Rami na huɗu, ruwa ya ɓalle ya jiƙa takardunsu.
Na bakwai, aka yi shewa, aka yanka rago.
Na tara, jijiyar ta sirance
ta koma kamar zaren ɗinki,
ta shige ƙasa ba sallama.

Aka kai buhuna birni aka auna.
Ta dawo da takarda, ta zauna a kan akwati.
Akwai, in ji ta. Sai dai ka niƙe lodin amalanke biyu
kafin ka ga abin da zai zauna a kan farce.
Akwai, amma bai isa ba.
Na ce: Haka ma damina ke ce mana.

Sun tafi sun bar mini makulli.
Albashi ya biyo su a shekara ta uku.
Yanzu samari na zuwa da dare, tocila a goshi,
suna tambaya ta ina ta bi.
Nakan nuna musu ƙasa.

Rami na huɗu mun sa masa famfo.
Can nake cika buta da asuba,
a ƙasa da taku arba'in daga rijiyar Nomau.
In na idar, nakan buɗe akwati na casa'in,
in zuba sauran ruwan a kan gaɓa ta biyar.
Ɗigo ɗaya ne, rawaya, gefen wata tsaga.
Ya dube ni, in dube shi,
har dutsen ya bushe.